Filin Tambaya da Amsa: Anti, in ajiye aikin ne ko in miƙa yaron?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Saƙonni sun taru sosai wannan karon amma guda uku na ware, saboda duk magana ɗaya ce, mutum yana aikin ofis kuma shi ne uwa shi ne uba a wajen ɗansa. Kamar kullum na cire sunaye da sunan gari da na ma'aikata, wanda ya turo ya san kansa.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Anti, ina yini ya iyali. Dan Allah ki ban shawara wallahi kaina ya kulle. Ni bazawara ce shekarata 28, aurena ya mutu shekara biyu kenan, na fito da yaro namiji yanzu shekararsa uku da rabi. Ina zaune a gidanmu a wani ƙauye nan cikin Jigawa, ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukumarmu sashen mulki, ɓangaren rajista inda ake ajiye fayil. An ɗauke ni tun ina budurwa da takardar sakandare a lebul 04, daga baya nayi difloma ta harkar mulki ina zuwa ƙarshen mako, na gama na karɓi sakamako amma har yau ina lebul 05. Daga garinmu sai na hau acaba zuwa bakin titi sannan in jira mota, in damina tayi kuwa akwai wani kwari da ruwa ke cikawa sai an sauka an tattare zani an tsallaka da ƙafa. Innata ce ke riƙe min yaron toh yanzu ciwon ƙafa ya sa ta gaba bata iya binsa, shi kuma kinsan yaro a wannan shekarun, ranar nan a bakin rijiya aka ɗauko shi. Abokiyar zaman Inna tana ɗan dubawa amma da magana, kullum sai naji ance na bar musu wahala na tafi yawon ofis. Watan da ya wuce sau biyar na sa hannu a ƙasan jan layi na masu makara, oga ya kira ni yace saura kwiri, wato takardar tuhuma. Baban yaron tunda muka rabu ko sabulu bai taɓa aikowa ba, amma yanzu ya turo yayansa wai tunda na fi son aiki in bashi ɗansa ya kai wa mahaifiyarsa. Ga kuma wani bawan Allah ya fito yana sona da aure, yana da rufin asiri, amma sharaɗinsa in ajiye aiki kuma yaron ya koma gidan ubansa. Babanmu yace in yi tunani. Ni kuma Anti burina in ƙaro karatu in zama cikakkiyar jami'ar mulki, ina son aikin nan har raina, amma in na kalli yaron da daddare yana barci sai inji kamar ni ce mai laifi. In ajiye aikin ne, in miƙa yaron ne, ko yaya zanyi?

AMSA

Wa alaikis salam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau uku, kuma kafin komai bari mu fara da rijiyar nan don ita ce ba ta jira. Yau ɗin nan a samo murfi a rufe ta, ko tsohon langa-langa ne a ɗora a danne da ƙaton dutse, in da hali a sa kwado. Ki tashi kiyi wannan tukuna sannan ki dawo ki ƙarasa karatun.

Toh amsar tambayarki kai tsaye, kar ki ajiye aikin, kuma kar ki miƙa yaron a kan wannan dalilin da suka kawo.

Ni ma ta nan na biyo. Maigidana ya rasu 'yata tana shekara biyu, ina akawu a wata sakatariya, lokacin ba a daɗe da cire Jigawa daga Kano ba, a 1991 kenan, ana ta raba ma'aikata da fayil-fayil kowa ya koma jiharsa, aiki ya yi yawa ba a maganar hutu. Akwai wata doguwar durowar ƙarfe a ofis ɗinmu, a bayanta nake shimfiɗa zani in kwantar da ita, ga kununta a ɗan ƙaramin filas, ni kuma ina kan tafireta ina bugawa, har ta saba da ƙarar, in na dakata da bugu sai ta farka. Wata shida nayi a haka ina ɓoye ta kamar wani kayan sata, in naji takun babba gabana ya faɗi. Abin da ya cece ni wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu da na daure na je na same ta nace Iya ki riƙe min ita daga safe zuwa azahar, duk wata zan kawo miki tiyar gero biyu da sabulu da ɗan abin goro. Shekara uku ta riƙe min, Allah ya jiƙanta da rahama. Na cika shekara 35 ɗina a aiki nayi ritaya, kuma abin da na gani a tsawon wannan lokacin shi ne aikin mulki na gwamnati da takarda da lokaci yake tafiya. Wadda fayil ɗinta yake da tsabta kuma takardunta suka cika, ko tana tafiyar hawainiya saboda goyo zata isa, sannu ba ta hana zuwa. Na ga maza marasa ɗawainiyar kowa da suka daskare a wuri ɗaya shekara da shekaru don kawai basu taɓa bibiyar fayil ɗinsu ba.

Shi ya sa abin da ya fi tsaya min a rai a saƙonki ba maganar manemin bane, lebul 05 ɗin nan ne da difloma a hannu. Kinga layin aikin ofis hawa uku ne. Akwai layin akawu, da takardar sakandare ake shiga a 04 kuma a 07 yake tsayawa. Akwai layin da masu difloma ke bi, mai ƙaramar difloma a 06 yake shiga, mai babbar difloma a 08, shi kuma wannan a tsarin da aka saba a 14 yake ƙarewa. Sai layin jami'an mulki da kike buri, wanda da digiri ake shigarsa a 08 kuma shi ne ke kai mutum kujerar darakta. Ke yanzu kina da takardar layi na biyu amma kina tsaye a na farko, kuma babu wanda zai zo ya tashe ki yace ga haƙƙinki, sai kin rubuta. Ki rubuta takardar neman a ɗaga ki a sauya miki layi, ta bi ta hannun shugaban sashenku zuwa ga daraktan mulki, wanda ku a Jigawa kuke ce wa DAGS, a Kano kuma DPM. Ki haɗa fotokwafin takardar kama aiki, da ta tabbatar da ke a aiki wadda ake bayarwa bayan shekara biyun gwaji, da ta ƙarin girmanki na ƙarshe, da sakamakon diflomar, da takardar izinin karatu in kin karɓa kafin ki fara. In baki karɓa ba kar ki ɓoye, ki faɗa ki nemi a duba, amma ki riƙe wannan darasi ne don gaba, karatun da ba a rubuta izininsa ba shi ne ke jawo jan ƙafa wajen amincewa da takarda. Kuma duk abin da kika miƙa kiyi kwafi biyu, a buga miki sitam da kwanan wata a ɗaya ki tafi da shi gida ki sa a leda a ƙasan akwati. Ke da kike rajista ai kin fi kowa sanin yadda takarda ke yin ƙafa.

Ki kuma nemi izini a buɗe fayil ɗinki a gabanki ki duba, ranar haihuwarki iri ɗaya ce a ko'ina, fom ɗin APER na auna ƙwazon ma'aikaci a kowace shekara yana ciki an cike an sa hannu? Ƙa'idar da aka saba bi ita ce daga 06 zuwa ƙasa shekara biyu tsakanin ƙarin girma, daga 07 zuwa 14 shekara uku, sama da nan huɗu. Ki zauna da biro ki lissafa da kanki ki ga ko akwai wanda ya wuce ki.

Ga wani abu kuma da mata da yawa basa sani sai ya same su. Daga 01 zuwa 06 al'amarinki a hannun ƙaramar hukumarku yake, amma da kin taka 07 kin koma hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha a Dutse, kuma suna da ikon su tura ki kowacce daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa. Mutumin Gwaram zai iya tsintar kansa a Birniwa. Toh kinga 'yan shekarun nan da suka rage miki kafin 07 ni'ima ce, kina kusa da gida yaron yana ƙarami, lokacin da canjin wuri zai iya tasowa ya shiga firamare ya yi wayo. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu ki fara tunanin wa zaki iya tafiya da ita in hakan ta faru.

Batun jan layi kuwa kar ki raina shi. Kwiri in ya shiga fayil ya shiga kenan, ranar da za a zauna maganar ƙarin girmanki shi za a fara gani, kuma waɗanda zasu zauna ɗin basu san da kwarin da ruwa ke cikawa ba. Ki riga shi. Ki samu oga a ofis ɗinsa da safe kafin mutane su taru, ki gaishe shi ki ce ranka ya daɗe na zo ne kan maganar makara, ga halin da nake ciki, ga kuma abin da na shirya, ki faɗi abin da kika shirya ɗin. Manya sun gaji da jin uzuri amma suna sauraron wanda ya zo da mafita. Kuma ki daina ɓoye cewa ke kaɗai ke riƙe da yaro, ba abin kunya kika yi ba, ni ɓoyewar da nayi wata shida babu abin da ta ƙara min sai faɗuwar gaba, ranar da na faɗa ma cewa aka yi me ya hana ki magana tun farko. In yaron ba lafiya, musamman yanzu da damina da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, kar ki tura saƙon baki ta hannun abokiyar aiki, ki rubuta layi uku na neman hutun uzuri, in kin dawo ki nuna katin asibiti. In kuma ƙaddara ta sa kwirin ya fito, ki amsa a rubuce cikin lokacin da aka baki, gajere, da ladabi, ba tare da kin ɗora wa kowa laifi ba.

Yanzu mu zo kan wa zai riƙe shi. Kuskuren da muke yi shi ne mu jingina da mutum ɗaya, ranar da ta kwanta ciwo ko ta tafi biki shikenan an shiga uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro mai shekara uku da rabi ya isa a sa shi ajin share fage, makarantun firamare na gwamnati da yawa suna da shi, in taku babu toh islamiyyar safe, ya bi 'yan gidanku su tafi tare su dawo tare, kinga rabin yini ya tafi a wurin da ake da ido a kansa. Sauran awannin ne za a raba tsakanin Inna da abokiyar zamanta. Ita kuma wannan baiwar Allah, ni ban ga laifinta sosai ba, bin yaro mai gudu ga surfe ga girki ga nata 'ya'yan aiki ne, kuma aikin da ba a gode ba shi ke haifar da habaici. Ki same ta a ɗakinta ki zauna a ƙasa kice Umma na san ina ɗora miki nauyi, daga wannan watan duk ranar da alat ya shigo ga abin da zan riƙa kawowa. Ki yanke abin da zaki iya ko kaɗan ne amma kar ya taɓa fashi, da sallah ki haɗa da turmin atamfa in da hali. Zakiga canji. Sannan ki samu mutum ta uku a maƙwabta wadda kuka yi magana tun wuri cewa ranar da abu ya cushe ita za a kai wa. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba, kuma ina roƙonki saboda Allah, kar a zaunar da wata ƙaramar yarinya daga makaranta, ƙanwa ko 'yar riƙo, don ta yi miki raino. Ba zai yiwu ki gina naki karatun a kan rushe nata ba.

Ki kuma yi lissafin kuɗin hanya a takarda. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin acaba da mota ke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci, ko da aka maida mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024 mai zuwa daga ƙauye kullum ya san inda kuɗinsa ke tafiya. In kina da gwaggo ko yaya mai aure a garin da sakatariya take, kiyi magana da Baba ko a watannin damina kaɗai ki riƙa kwana can ke da yaron daga Litinin, Juma'a in an tashi ku dawo gida. Abin da kika rage na mota ki sa a tukunyar gidan. Ban ce ki kama haya ke kaɗai ba, na san garuruwanmu na san bakin mutane a kan bazawara.

Maganar baban yaron. Mu nan mazhabar Malikiyya kotunanmu ke bi, kuma a cikinta uwa ce ta fi cancanta da rainon ɗa bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har tayi aure ta tare. Ci da sha da sutura da magani kuwa a wuyan uba suke ko yaron yana hannun wa, aya ta 233 a Suratul Baƙara ma ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa tun ana shayarwa. Toh mutumin da shekara biyu bai aiko da sabulu ba shi ne ke da tambayar da zai amsa. Amma ki sani abin da alƙali zai duba shi ne ko yaron yana cikin kulawa, shi ya sa labarin rijiyar nan bai kamata ya maimaitu ba, shi ya sa kuma tsarin rainon da na faɗa miki ya zama dole. Kar ki yi cacar baki da yayansa. Baba ne zai yi magana, ya kira limamin garinku da mai unguwa a zauna a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a rubuta a sa shaidu, a kuma ba shi damar ganin ɗansa da kai shi gaida kakarsa don haƙƙinsu ne. In ya ƙi akwai Hisbah, akwai kotun shari'a, kuma zuwa neman haƙƙin yaro ba tonon asiri bane.

Shi kuma mai neman auren, ban hana ki aure ba, ke yarinya ce kuma ina miki fatan miji nagari. Amma ki shiga da ido buɗe. In kika yi aure kika tare haƙƙin rainon yana barin hannunki, sai dai ba wajen uban yake fara zuwa ba, wajen mahaifiyarki yake komawa sannan 'yar'uwarki, wannan ki tambayi malami ya warware miki shi da kyau. Mutumin da tun a waje ya ce ki zubar da aikinki na shekaru da fanshonki kuma ki rabu da ɗanki duk a rana ɗaya, ki tambayi kanki in auren bai yi daɗi ba me zaki koma ki tarar. Kin riga kin ɗanɗana fitowa sau ɗaya, kin san albashin nan ne ya rufa miki asiri. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ki gaya masa ta bakin Baba cewa aiki yana nan, a sa shi cikin sharaɗin aure a gaban waliyyai, in ya amince madalla, in ya janye ki barshi ya tafi, akwai mazan da ke riƙe agola tsakani da Allah.

Karatu kuwa, ki yi shi amma ba bana ba, taura biyu ba ta taunuwa. Bana ki gyara lebul da raino da maganar ciyarwa. In yaron ya zauna daram a makaranta sai ki nemi izini a rubuce ki fara, kuma tunda layin jami'an mulki kike so toh digiri zaki nufa. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a Dutse da Kano, yawancin karatun da ayyukan gwaji ta waya ko kwamfuta ake yi, jarrabawa ce sai kin je da kanki, sai ki aje hutunki na shekara ya faɗo a lokacin. Jami'ar Bayero ma tana da digiri na ma'aikata da ba kullum ake shiga aji ba, amma ki lissafa zirga-zirgar Kano. Da diflomarki in sakamakon ya kai ana iya ɗaukarki daga aji biyu. Kafin nan ga karatun da ba ya buƙatar izinin kowa, ki koyi Word da Excel sosai, ki roƙi a riƙa shiga da ke mitin kina ɗaukar minit, ki ɗauko tsofaffin fayil ki karanta yadda manya ke rubuta bayani a kan takarda kafin a yanke hukunci. A kowace sakatariya mutum biyu ko uku ne suka iya tsara minit mai kyau da jerin sunayen ma'aikata ba kuskure, kuma su ake nema, su ake ɗaga wa ƙafa ranar da uzuri ya same su.

Wannan jin laifin da kike yi da daddare kuma na san shi. In kin dawo kar ki faɗa kan wanki da waya, ki ajiye jaka ki ɗauke shi ki yi masa wanka da hannunki, ku ci tuwo a kwano ɗaya, ki biya masa Fatiha da ƙananan surori har yayi barci. Asabar da Lahadi nasa ne. 'Yata da ta yi barci a bayan durowa yau ita ma uwa ce, kuma ban taɓa jin ta ce na bar ta ba.

TAMBAYA TA BIYU

Anti barka da aiki. Ni ma bazawara ce da yara biyu, ina aikin buga takardu a wata ƙaramar hukuma a ƙasar Kano. Wani babba a ofis ɗinmu kullum sai yace in tsaya bayan an tashi wai akwai aiki, yana turo min saƙo da tsakar dare, yanzu har yace shi zai sa sunana a masu tafiya kwas in na bashi haɗin kai. Ina tsoron in yi magana a maida ni wani lungu inda ba zan iya da yarana ba.

AMSA

'Yata Allah ya tsare ki, kuma wannan abu yana ƙona min rai domin wasu gani suke bazawara mai yara ba ta da zaɓi. Kar ki goge saƙo ko ɗaya, ki ɗauki hotonsu ki tura wa wata yayarki da kika yarda da ita ta ajiye. Ki ba shi amsa sau ɗaya tak a rubuce, ranka ya daɗe ni aiki na zo yi, in da magana ta alheri gidanmu akwai magabata. Daga nan kar ki ƙara amsa saƙon dare. In ya ce ki tsaya bayan tashi kice yara na jira, a baki aikin ki zo da sassafe ki gama, in kuma dole ne toh wata ta zauna da ke kuma ƙofa a buɗe. Ki nemi babbar mace a sakatariyar, irin waɗanda suka daɗe ana jin nauyinsu, ki gaya mata, sau da yawa kalma ɗaya daga irinsu ta isa. In bai daina ba ki kai wa shugabannin ƙungiyarku ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ki rubuta koke zuwa ga DPM, in shi ne da kansa ko na kusa da shi toh hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi tana sama da su duka. Ki sanar da babanku ko yayanku namiji tun yanzu, kar su fara ji a bakin wasu a juye. Kwas ɗin kuma ki nema a rubuce ta hanyar da kowa ke bi, in bai zo bana ba zai zo wata shekarar.

TAMBAYA TA UKU

Hajiya ina gaisuwa. Ni namiji ne, akawu ne a wata makarantar sakandare a karkarar Kano. Matata ta rasu bara wajen haihuwa, abin da ta haifa ma bai zauna ba, ta bar min yarinya 'yar shekara biyar. Ni nake mata wanka in kai ta kitso in tafi da ita wajen aiki ta zauna gefen teburina. Kakarta ta wajen uwa tana ƙauyen da ke kusa da mu tana ta roƙo in bata ita, yayata da ke cikin birni ma tana so, 'yan'uwa kuma sun matsa in yi aure ko don yarinyar. Ga shi na samu gurbin difloma da zai sa in riƙa kwana Kano wasu ranakun. Ni kuma bana son rabuwa da ita, ita kaɗai nake kallo in tuna uwarta.

AMSA

Allahu akbar. Malam Allah ya jiƙan iyalinka ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari, kai kuma Allah ya saka maka, ba kowane uba ne zai zauna a gidan mai kitso yana jira ba. Amma zan faɗa maka gaskiya ko da ɗaci. Kakar nan ita ma 'yarta ta rasa, ita ma fuskar nan take so ta kalla, kuma a shari'a bayan uwa ita ce ta fi kowa haƙƙin raino, har kai. Ɗiya mace mai shekara biyar tana buƙatar hannun mace, kuma zaman gefen tebur a makarantar da ke cike da samari da 'yan mata manya ba wurinta bane, lokacin shigarta aji ma ya yi. Tsakanin kakar da yayarka ni kakar na zaɓa, don tana kusa, zaka iya hawa babur bayan la'asar ka je ka ganta ka dawo, birni kuwa sai a yi wata baka sa ta a ido ba. Ba kyauta zaka bayar ba, 'yarka ce, cinta da suturarta da makarantarta duk suna wuyanka, kai zaka sa ta a firamare da islamiyya da hannunka ka san malamanta, ranar Juma'a ka ɗauko ta ta kwana biyu a gidan ubanta.

Diflomar ka karɓa, ka nemi izini a rubuce ta hannun firinsifal kafin ka biya ko sisi, don layin akawu gajere ne kuma yarinyar nan gaba zata buƙaci uba mai ɗan ƙarfi. Aure kuma kayi in zuciyarka ta nutsu, amma kar ka auro 'yar mutane don kawai ta zama mai raino, ita zata cutu marainiyar ma ta cutu. In lokacin ya zo ka faɗa wa wadda zaka aura komai tun a zance, kuma kar a ɗauko yarinyar daga hannun kakarta ranar da amarya ta tare, a bari su saba a hankali.

Wannan Juma'ar ka shirya ta, ka sa mata kayanta masu kyau, ka riƙe ɗan goro da sukari ku tafi tare ka gaida surukarka. Kar ka kai kayanta ranar, ku dai zauna kuyi maganar makaranta da ranakun da zaka riƙa ɗaukarta, ka bar ta ta kwana ɗaya ka dawo washegari da safe kamar yadda ka yi mata alkawari.